Yatsa a Kan Sikeli

A layin da ke bayan kasuwa, tsakanin shagon mai gyaran agogo da wani shago da aka daɗe da garƙame shi, akwai ɗan wurin da ake kai sikeli idan ya fara ƙarya. Mai wurin tsoho ne, kowa Baba Mai Sikeli yake ce masa. Mahauta da masu kifi da masu hatsi, har da ungozomar da ke auna jarirai, babu wanda bai taɓa tsayawa a gaban teburinsa yana canja ƙafa ba, don aikin da wani zai gama kafin shayi ya huce, shi sai ya kai azahar a kansa. Zai kwance sikelin, ya jera kayan cikinsa a kan farin ƙyalle, ya goge kowanne kamar mai yi wa jinjiri wanka. Sannan ya jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin tebur ya fito da duwatsun awonsa na tagulla, waɗanda ya gada a wajen maigidan da ya koya masa aiki. Ba ya ɗaukar su da hannu sai da ƙyalle, wai gumin hannu ma nauyi ne. In dutse ya ce kilo, sikeli ya ce wani abu daban, to sikelin ne maƙaryaci, kuma ba a roƙo a nan.

Lambobi ya san su kamar yunwar cikinsa. Haruffa kuwa shi da su sai gaisuwa daga nesa. Karatu aikin matarsa ne.

Allah da ikonsa, mutumin da ya fi kowa nawa sai aka haɗa shi da mace mai sauri kamar an biyo ta. Hawainiya take ce masa, tun suna da ƙuruciya har suka yi furfura. Duk ranar Lahadi in sun fito za su coci, kafin ya gama kulle ƙofa ta kai kwana. Abin da ya sani na hanyar cocin shi ne bayan matarsa da ɗankwalinta.

"Ke, jira ni mana!"

"In na jira ka, sai mu isa ana share coci."

"Sannu ba ta hana zuwa," in ji shi, yana haki.

"Ƙarasa mana," za ta ce ba tare da ta juyo ba. "Sai dai a daɗe ba a je ba."

Haka suka yi ta yi har 'yarsu ta girma ta yi aure a wani gari mai nisa. Abu ɗaya ne matar ba ta gaggawa a kansa. Kowace safiya kafin ya tafi shago, za ta zuba shayi kofi biyu, ta ɗora tabarau a kan hanci, ta buɗe Littafi Mai Tsarki nata mai baƙin bango wanda aka ɗaure gadon bayansa da salatif, ta karanta masa. A nan muryarta takan yi sanyi. Shi kuwa yakan lumshe ido yana ji, ita ta ce gyangyaɗi yake, shi ya ce tunani ne. Duk abin da ya sani game da Allah, ta bakinta ya shigo kunnensa.

Ciwon da ya kwantar da ita ta gwiwa ya fara. Mace mai tafiya kamar iska ta koma sai da dafa bango, daga baya bangon ma ya gagara. A watannin nan ta riƙa komawa wuri ɗaya a Littafin, inda ake maganar wani gida mai ɗakuna da yawa, da Ubangiji da ya yi gaba don ya shirya wa nasa wuri. Wata safiya da ta kai ƙarshen wurin, sai ta ci gaba da irin muryar da take karatu:

"Wanda ya riga isa zai tsaya a bakin ƙofa ya jira wanda ya bari a baya. Ba zai shiga ba sai sun shiga tare."

Ya buɗe ido. "Ban taɓa jin wannan ba."

"Ina za ka ji, kai da kake barci in ana karatu?"

"Maimaita."

Ta maimaita. Daga ranar kullum sai ya ce ta karanta masa wurin ƙofa, ta kuwa karanta, har safiyar da tabarau ɗin ya fi ƙarfin hannunta. Ba ta ƙara mako ba a duniya. Ta tafi kamar yadda ta saba, ba ta waiwaya ba.

Ranar jana'iza an yi karatu, an yi waƙa, amma kunnensa bai ɗauki komai ba. Mutane suka cika gidan na 'yan kwanaki, suka wanke tukwane, suka mayar da kujerun aro, suka watse. 'Yarsa ce ta ƙarshe, ita ma jinin uwarta ce, tana magana tana ɗaure jaka. Ta ajiye masa wata 'yar na'ura mai kama da rediyo a kan tebur.

"Baba, wannan za ta riƙa karanta muku Littafin. Lamba kawai za ku danna. Wane wuri kuka fi so in nuna muku?"

"Wurin gida mai ɗakuna."

Ta rubuta masa lambobin a jikin na'urar, ta rungume shi, motar haya tana ta yi mata ƙaho a waje. Shi kuwa ya naɗe Littafin matarsa a cikin ɗankwalinta ya sa a aljihun tebur, na'urar ma bai taɓa ta ba. Ba ya son wata murya a ɗakin.

Kaɗaici ba ya zuwa da ganga. Da safe sai ya ga ya zuba shayi kofi biyu. Ya dawo daga shago da labarin wani mahauci da ya liƙa kwabo a ƙarƙashin farantin sikelinsa, ya buɗe baki zai ba da labarin, sai ya ga kujerarta ba kowa. Lahadin farko da ya fita shi kaɗai ya wuce kwanar cocin har ya kai gidan mai, don bai taɓa duba hanya ba, ɗankwali yake bi. Aikin ma ya ja baya, yanzu kowa sikeli mai batir yake saye, in ya lalace a jefar. Yakan yini a shago ba wanda ya leƙo sai ƙuda. Abin da ya riƙe shi a tsaye maganar nan ce ta ƙofa. In ƙirjinsa ya yi nauyi sai ya faɗe ta a ransa, ya ga matarsa tsaye a bakin wata ƙofa tana leƙen hanya, tana tsaki don ya daɗe.

Sai wata safiya da shirun gidan ya ishe shi, ya jawo na'urar ya danna lambobin. Muryar wani namiji ta fito, mai tsabta kamar ta mai karanta labarai. Gidan yana nan, ɗakunan suna nan, wurin da ake shiryawa yana nan. Tsoho ya gyara zama, ya ajiye kofi, yana jiran ƙofa. Sai muryar ta wuce zuwa wata magana.

Ya sake dannawa. Ya canja batir. Ya girgiza ta a kusa da kunne kamar ƙwai. Ƙofa dai babu.

Ya sa na'urar a aljihu ya kai wa maƙwabcinsa mai gyaran agogo. Shi Mai Agogo mutum ne da bai yarda da komai ba sai abin da zai iya buɗe bayansa ya ga yana motsi. Ba ya zuwa wurin ibadar kowa, jarida ce abokiyarsa, bakinsa kuma kamar reza. Sun yi shekara da shekaru suna maƙwabtaka, ba ranar da ba su yi musu ba, ba kuma ranar da ɗaya ya sha shayi bai miƙa wa ɗaya ba.

"Duba mini wannan, tana tsallake magana."

"Wace magana?"

Tsoho bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko 'yarsa. Amma ya faɗa, a hankali, yana kallon ƙasa. Mai Agogo ya kunna na'urar ya saurara, ya buɗe bayanta ya leƙa, ya rufe.

"Lafiyarta ƙalau, maƙwabci. Abin da aka zuba mata shi take amayarwa. Littafin naku za ka tambaya. Ka san hannu nawa ya bi kafin ya zo gare ka? Wannan ya kwafa, wancan ya fassara, wani ya buga. Nama ne fa da ya bi ta hannun mahauta dubu, kana tsammanin ya iso maka da nauyinsa?"

Da wasa ya faɗa, irin wanda suka saba. Da can tsoho zai mayar masa da martani ne su yi dariya. Ranar kuwa sai ya ɗauki na'urarsa ya koma shago. Maganar ta shige shi kamar ƙaya a tafin ƙafa. In an yanke wannan, me kuma aka yanke? In mutane suna iya cire ƙofa, ai suna iya ƙara ɗaki. To matarsa a kan me ta kwanta ta rufe ido, tana murmushi?

Abu ɗaya ya iya a duniya, shi ya yi. Ba a gwada sikeli da kansa, sai an kawo wani.

Ya sami fasto a ofishinsa bayan sujada. Faston matashi ne mai kirki, kullum da waya a kunne, amma da ya ga wanda ya shigo sai ya kashe ta ya jawo masa kujera. Ya buɗe nasa Littafin ya karanta wurin daga farko har ƙarshe. Tsoho ya ce saura. Ya faɗi abin da ya rage.

"Baba, gaskiya ban san wannan ba," in ji fasto. "Ko a wa'azi kuka ji, ko a waƙa?"

"A Littafi na ji. An ce mini ana yanke shi."

Fasto bai yi fushi ba. Ya ce masa tun zamanin da ake kwafa da hannu, an kwafi Littafin a ƙasashen da ke nesa da juna, a hannun mutanen da ba su san juna ba. Masana sukan jera tsofaffin kwafin nan su gwada wannan da wancan, in wani ya yi kuskure sauran su tona shi. Inda kuma aka sami saɓani ba a ɓoyewa, ana rubuta shi da ƙananan haruffa a ƙasan shafi. Ya juyo da Littafin ya nuna masa. Tsoho bai iya karanta ƙananan haruffan ba, amma maganar ta shiga kansa, don da wanda zai yi irin wannan aikin a shagonsa da ya ɗauke shi aiki.

"A ƙasan wannan shafin an rubuta maganar ƙofa?"

Fasto ya duba da kyau. "Babu, Baba. Ku kawo na Mama mana in duba muku."

Tsoho ya ce to, ya yi godiya, amma a ransa ya san ba zai kawo ba. Faston yana ƙaunarsa, kuma mai ƙaunarka shi ya fi saurin dafa maka sikeli.

Bayan kwana biyu ya rufe shago da rana ya hau mota zuwa wani kantin littattafai a tsakiyar gari. Matar da ke wurin ta ga tsoho da hula a hannu, ta yi haƙuri da shi. Ta sauko masa da sabon bugu, da wani mai manyan haruffa, da wani tsohon da ƙura ta cinye bangonsa, ta karanta masa ɗaya bayan ɗaya. Kalmomin sun ɗan bambanta, wannan ya ce ɗakuna, wancan ya ce wuraren zama. Wannan bai dame shi ba, ya san buhu daban, hatsi daban. Ya rufe ido ya auna su a ransa, nauyinsu ɗaya. Amma a cikinsu ba wanda ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, wanne za a naɗe muku?"

"'Yata, ki yafe ni. Ko kin naɗe, ba mai karanta mini."

A mota yana dawowa ya zauna kusa da taga, mutane suna ta hirarsu a kansa. Saura sikeli ɗaya, yana gida a naɗe cikin ɗankwali. In maganar tana cikinsa, to duk Littattafan duniya an yi musu aski, Mai Agogo ya yi gaskiya. In ba ta ciki, to matar da ya amince wa kunnensa tsawon rayuwa ta dube shi ta shirga masa ƙarya da sunan Allah. Ya juya wannan, ya juya wancan, bai ga wanda zai iya ɗauka ba. Don haka ya bar aljihun teburin a rufe. Makonni suka wuce, wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu. 'Yarsa takan kira, ta ce, "Baba, kuna jin na'urar?" ya ce yana ji, ta ce yara suna gaishe shi, ta ajiye.

Wata mai kifi ce ta tayar da shi ba da saninta ba. Ta kawo sikelinta ta dire a kan tebur, yana ƙarni.

"Baba, mai kawai za ku sa masa, yana ƙara. Kada ku fito da duwatsun nan naku."

"Don me?"

"Haka nake aiki da shi tun da na saya. Ba na son jin wani labari."

"Baiwar Allah," ya ce, "sikelin da mai shi yake tsoron a gwada, ai ya riga ya mutu. Ƙarfe kawai kike ɗauka."

Ta yi ta gunaguni, shi kuwa ya tsaya da ƙyalle a hannu kamar an mare shi. Ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Washegari da la'asar, lokacin da layin ya yi shiru, ya shiga shagon Mai Agogo da ƙunshi a hammata. Agoguna sun cika bango, kowanne da nasa lokacin. Ya share gefen tebur da hannun riga, ya kwance ɗankwalin. Ƙamshin man da matarsa take shafawa ya tashi, sai da ya dafa tebur.

"Karanta mini."

Mai Agogo ya dubi Littafin, ya dubi maƙwabcinsa. "Ni? Duk faston garin nan sun ƙare ne?"

"Kai nake so. Ba ka son Littafin, ba ka kuma tausayin kowa."

"Na gode da yabo."

Wurin ba ya ɓata, da ɗan zaren ulu a ciki, gefen shafin kuma ya yi baƙi saboda yatsa. Mai Agogo ya sa tabarau, ya yi gyaran murya irin ta ba'a, ya fara. Amma kafin ya yi layi biyu ba'ar ta zube, don ya ga yadda tsohon yake motsa leɓe yana bin sa kalma da kalma. Ya karanta gidan, ya karanta ɗakunan, ya karanta wurin da ake shiryawa. Sai ya tsaya. Agoguna suka yi ta ƙas-ƙas a bango. Ya ɗago kai.

"Wanda ya riga isa," ya ce, "zai tsaya a bakin..."

"Ɗauke yatsanka."

"Me?"

"Ɗauke yatsanka daga sikeli, maƙwabci. Tun ina saurayi nake kallon masu awo. Mai gaskiya allura yake kallo. Mai dafawa fuskarka yake kallo."

Yana rufe baki abin ya faɗo masa. Ya ga gadon, ya ga matashin kan da aka tokare wa matarsa baya da shi, ya ga Littafin a kan cinyarta. Duk karatun idonta yana kan shafi. Amma in ta zo wurin ƙofa sai ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. Kullum haka take yi. Shi da ya kama mahauta da masu kifi ba iyaka da wannan kallon, a gidansa an yi masa shi safiya bayan safiya bai gani ba.

Mai Agogo ya cire tabarau ya goge da bakin riga, abin da ba ya buƙatar gogewa. "Babu," ya ce a hankali. "Daga nan sai wata magana, irin wadda na'urarka ta faɗa."

"Ko an yage shafi?"

"Duba da kanka. Ai ka san lamba."

Tsoho ya jawo Littafin. Ya duba lambar shafin dama da ta hagu, suna bin juna. Ya bi ƙananan lambobin da ke cikin rubutun da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta yi tsalle. Ya shafa tsakiyar Littafin inda ɗinki yake, lafiya lau. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya gwada Littafin da hannunsa, ya kuwa same shi cif.

"To," in ji Mai Agogo, "abu ɗaya zan ba ka. Wannan tsohon Littafin ya girmi 'yarka, na'urar kuma ta bana ce, amma bakinsu ɗaya. A nan dai mahautan ba su yanki komai ba, na janye. Ko abin da yake faɗa haka yake, wannan ba shagona ba ne."

Tsoho bai ji daɗin nasarar ba. Ransa ya ɓaci, ɓacin da bai taɓa yi da ita ba tana da rai.

"Ta san abin da na tsana a duniya. Ta sani! Da ta zage ni da ya fi. A ce Maganar Allah a hannunta, ni makahon karatu a gabanta, ta sa mini yatsa? Wata nawa ina jingine da bangon da ba shi?"

Muryarsa ta karye. Mai Agogo ya tashi ya saki labulen ƙofa don kada masu wucewa su gani, ya zuba shayi daga fulas ya tura masa. 

"Ba daidai ta yi ba," in ji Mai Agogo daga baya. "Ni ma da na so in yi, ba daidai ba ne. Amma bari in tambaye ka. Sau nawa na gan ku kuna wucewa ta nan, ita a gaba kamar an saki akuya, kai a baya kana kira? Ta taɓa jiran ka?"

"Ko sau ɗaya."

"To da ta dube ka ta ce, Hawainiya, wannan karon zan jira ka, da ka yarda?"

Tsoho ya share hanci da bayan hannu. Wani abu mai kama da dariya ya kufce masa. "Da na ce ciwon ya taɓa mata kai."

"Shi ya sa ta sa maganar a bakin wanda ba ka musu da shi."

Tsoho ya dubi shafin da ya yi baƙi. Ya daɗe yana kallon sa, kamar haruffan za su tausaya masa su yi magana. Sannan ya ce, "Sake karantawa. Abin da ke nan kawai."

Mai Agogo ya sake, idonsa a kan shafi daga farko har ƙarshe. Wannan karon tsoho bai jira ƙofa ba, don haka ya ji abin da ya daɗe yana wucewa ta kansa da sauri. An ce kada zuciya ta damu. An ce akwai wuri, kuma mai gidan da kansa ne zai zo ya ɗauki nasa. Ba a ce kowa zai tsaya a waje ba.

Ya naɗe Littafin a ɗankwalin, ya kulle shagonsa tun rana ba ta faɗi ba. Ya bi layin a hankali kamar kullum, masu babur suna kauce masa, 'yan makaranta suna wuce shi. Yana tafe yana rabewa a ransa, wannan na Littafi ne, wannan nata ne. Na Littafin ya gwada shi a sikeli bayan sikeli, har a hannun mutumin da ba ya son sa, bai ragu ba. Nata kuwa ba dutsen da zai gwada shi da shi. Alkawarin mace ne mai ciwon gwiwa, wadda ta ga za ta sake yin gaba ta bar shi, abin ya dame ta.

Sai a nan gwiwar ta faɗo masa a rai. Duk watannin nan yana jin daɗin ganin ta tsaye a bakin ƙofa, bai taɓa tunanin ƙafar da take tsaye a kai ba. Matar da a ƙarshe ko zuwa banɗaki sai ya tallafe ta. Kuma shi, yadda yake da nawa, wa ya san yaushe zai isa?

Ya iso gida, ya tsaya a bakin ƙofarsa da makulli a hannu. Layin ba kowa sai wata kyanwa a kan katanga. Ya rungume ƙunshin a ƙirji, ya yi magana da irin muryar da yake kiran ta a hanyar coci, sai dai ƙasa-ƙasa.

"Ke, na kama ki. Na kuma yafe. Shiga ciki ki zauna, da wannan gwiwar taki. An ce akwai ɗaki, na gwada, awon ya cika. Ba sai kin tsaya ba, ba zan ɓata ba."

Ya sa makulli ya murɗa.

"Ina nan tafe. Sannu ba ta hana zuwa."

Ya ɗan saurara ko za a ƙarasa masa. Ba wanda ya ƙarasa. Sai ya tura ƙofar ya shiga, ya ɗora ruwa a wuta, ya sauko da kofi ɗaya.